Tambayi Likita: Masu Shirin Rabin Gudun Famfalaki

Tun da hunturu ya kawo kai, in na fito sallar asuba sai in ga matasa da dattawa cikin kambas suna sassarfa wajen filin wasa na Karkanda da kan titin Dutsinma a nan Katsina. Saƙonninku na wannan makon ma can suka karkata. Na ɗauko biyar.

Tambaya: Likita, shekarata 43, ma'aikaci ne ni, ina zaune a Ƙofar Ƙaura. Rabona da gudu tun ina bautar ƙasa. Abokaina sun yi rajistar rabin gudun famfalaki, saura mako shida, suna ta zuga ni. In shiga?

Malam, ƙyale wannan ya wuce, ka nemi na gaba. Rabin gudun famfalaki kilomita 21 ne da 'yar ɗoriya. A layin gudu mai mita 400 sai ka zagaya sau 52, ka kusa cika na 53. Mako shida bai isa ga wanda ya yi shekara da shekaru daga kujerar ofis sai ta mota ba.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. Zuciya da huhu saurin sabo gare su: mako uku da fara gudu za ka ji hakin ya ragu, sai ka ɗauka ka ƙware. Ƙashi da jijiyoyin gaɓoɓi kuwa watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Numfashi na cewa ƙara, ƙwauri da gwiwa ba su shirya ba. A wannan tsakanin ne galibin sababbin masu gudu ke jin rauni.

Kafin ka sa takalmi, je a auna maka hawan jini da suga. In awon yana kai 140 bisa 90 ko sama, ba sau ɗaya ba, a fara daidaita shi tukuna. Ka gaya wa likita in ka taɓa jin ƙirji ya danne ka wajen hawan bene, ko ka taɓa suma, ko akwai wani a danginku da ya yanke jiki ya faɗi ya rasu yana da ƙuruciyarsa. Ba tambayoyin cika takarda ba ne.

In an sallame ka, fara da sassarfar minti ɗaya, tafiya minti biyu, ka yi ta maimaitawa har rabin awa, kwana uku a mako. Kada ka ji kunyar tafiyar. Ranar da ka iya kilomita 5 ba tsayawa, daga nan ka ƙirga mako 12 zuwa 16. Ware rana ɗaya a mako ta dogon gudu, kana ƙara kilomita ɗaya ko biyu, duk mako na huɗu ka rage don jiki ya farfaɗo. In ka kai 16 zuwa 18, ya isa. Ma'aunin saurinka kuwa yana bakinka: in wani ya tare ka da "ina kwana, ina gajiya, ya iyali" ka kasa amsawa sai da haki, gudun ya yi yawa.

Tambaya: Ni ɗan Daura ne, shekara 24. An gwada jinina an ce AS ne. Mahaifiyata ta ce in daina gudu. Kuma ruwa nawa ya kamata in sha?

Ɗana, ka kwantar wa Hajiya da hankali, amma kada ka watsar da maganarta gaba ɗaya. AS ba sikila ba ce, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da ita, da yawansu suna ƙwallo suna noma lafiya ƙalau. Haɗarin yana zuwa ne in abu uku suka haɗu: gudun ƙure ƙarfi, zafin rana, da ƙarancin ruwa a jiki. A nan jini na iya daskarewa a ƙananan hanyoyinsa, naman jiki ya fara narkewa. An ga haka a sojoji masu horo da 'yan wasa a Amurka. Mai SS ko SC kuwa maganarsa daban ce, sai da likitansa.

Ba na manta wani yaro da aka kawo mana, yana shirin gwajin shiga soja. A watan Afrilu, da tsakar rana, ya sa rigar sanyi ya yi ta gudu wai don ya saba da wahala. Washegari cinyoyinsa sun kumbura, ko taɓawa ba ya so a yi. Da ya miƙo kwalbar fitsari, sai ka rantse baƙin shayi ne aka zuba. Naman da ya narke ne ke toshe ƙoda. Kwana da kwanaki yana shan ƙarin ruwa kafin Allah Ya ɗora shi. Duk wanda ya ga fitsari irin wannan bayan gudu, AS ko AA, asibiti a ranar.

Don haka a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gudu sai bayan asuba. Hunturu ma yana da yaudara: iska ta bushe, zufa na tashi kafin ka gan ta, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba. In ƙura ta yi kauri har ba ka hango ƙarshen layi, ka huta, musamman in kana da asma.

Batun ruwa, hau sikeli kafin dogon gudu da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu kimanin lita ɗaya ce, wato ruwan leda biyu. Ka mayar a hankali, in da hali da ruwan gishiri da sukari. Ɗurawa ba ƙishi ma cuta ce, tana tsinka gishirin jini har mutum ya rikice. Sha gwargwadon ƙishi, ka duba fitsari: in ya yi fari-fari da ɗan rawaya, daidai kake.

Tambaya: Ƙwaurina na ciwo tun da na ƙara nisa. Wani mai kemis ya ba ni diclofenac, abokina kuma ya ce tramadol ya fi. Wanne zan sha kafin in fita?

Ko ɗaya. Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga shi gudu da zufa sun riga sun rage shi. Suna kuma cin ciki. Tramadol ba sai na faɗa maka abin da ta yi wa unguwanninmu ba, kuma tun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa.

Sa yatsa ka bi ƙashin. In ciwon ya bazu a tsawon ƙwauri, yana sauƙi in ka huta, rage gudu na mako biyu, ka sauka daga kwalta ka koma turɓaya. In kuwa wuri ɗaya ne tak, kana dannawa ka zabura, ko ba ka iya tsalle da ƙafar, ƙila ƙashi ne ya fara tsagewa. Daina gudu, a duba ka. Juya takalminka kuma. Ba na ƙyamar gwanjo, ni ma ina saye, amma kambas na gajiya bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma ba ka san nawa mai shi na farko ya ci ba.

Tambaya: Malamar makaranta ce ni a Katsina. Ina sassarfa da ƙawata a harabar makaranta. Ana ce mini gudu na sa mahaifa ta sauko. Gaskiya ne?

Malama, gudu ba ya hana haihuwa, kuma mace mai lafiya ba ta da wannan fargaba. Wadda ta haihu kwanan nan ta jira kamar wata uku, a duba ta. Wadda fitsari ke zubo mata ko take jin nauyi a ƙasa ta ga likitan mata. Abin da na fi ji miki shi ne ƙarancin jini. In al'adarki na zuba da yawa, kina haki fiye da ƙawarki, je a auna. Hanta, nama, wake da zogale su yawaita a kwanonki. In al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki, ƙila abincin ne bai kai aikin ba. Hijabin kuma ki nemi mara nauyi, mai hasken launi.

Tambaya: Saura kwana goma a yi gasar. Me zan ci, me zan yi?

Aikin ya ƙare, ɗan'uwa. Rage gudu zuwa rabi, ka yi barci. Daren jajibiri ci abin da cikinka ya sani, shinkafa ko tuwo, ba yaji da maiƙo mai yawa. Da safe, awa biyu zuwa uku kafin a fara gudun, koko ko shayi da burodi. Fura da nono ka bari sai ka dawo. Zuba dabino biyar ko shida a aljihu, ka fara ci bayan awa ɗaya, ɗaya-ɗaya da kurɓin ruwa. Sabon takalmi ya zauna a gida. In zazzaɓi ya kama ka a makon, ko na cizon sauro ne ko na mura, ka haƙura da gasar, domin gudu da zazzaɓi na iya taɓa zuciya.

Da an busa usur kowa zai zabura kamar an koro shi. Ƙyale su, yawancinsu za ka tarar da su a kilomita na 15 suna tafiya riƙe da ƙugu. In jiri ya ɗebe ka, ko ƙirji ya riƙe, ko ka ji sanyi alhali ana zafi, tsaya ka nemi masu agaji. Ka yanke farce tun kwana biyu kafin ranar, sannan ka shafa man basilin a matsematsi, hammata da kan nono. Na sha ganin maza sun iso ƙarshe da jan ɗigo biyu a gaban farar riga.