Westan bulot da ƙaramin aljihu: me za ka iya haɗawa da kanka?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a Samaru, aikina kan gano furotin ne ta hanyar westan bulot, wato dabarar gano furotin a kan takarda ta musamman (membrane) da taimakon antibodi. Ruwan ECL na kamfani (mai sa layin furotin ya ba da haske) da garin BSA (furotin da ake toshe takardar da shi) sun fi ƙarfin aljihuna. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. ECL kam haɗa shi ake yi. Narkar da luminol a DMSO (ruwan narkar da sinadarai) ya kai 250 mM, p-coumaric acid kuma 90 mM. Raba su a ƙananan bututu, ka rufe su daga haske, ka ajiye a firiza. Ranar aiki, zuba maikorolita 100 na luminol da 44 na coumaric a cikin mililita 10 na ruwan daidaita pH na Tris 100 mM mai pH 8.5. A wata kwalbar, zuba maikorolita 6 na haidirojin feroksayid mai kashi 30 cikin ɗari a wani mililita 10 na Tris ɗin. Gauraya su daidai wa daida, ka shafe takardar da shi na minti ɗaya. In ba ka ga komai ba, fara zargin feroksayid ɗin, domin zafin Maris da Afrilu a Zariya yana kashe shi in aka bar shi a kan tebur. Wurinsa firij.

In ba ku da fim ko ɗakin duhu, sinadarin DAB, a madadin ECL, zai fito maka da layi mai ruwan ƙasa da ido ke gani, sai dai ba ya kama furotin ɗan kaɗan. Sa safar hannu, ana zarginsa da jawo ciwon daji.

Maimakon BSA, giram 5 na garin madara a mililita 100 na TBST (ruwan wanke takardar) ya wadatar. Amma a kula, yawancin madarar da ke kasuwar Sabon Gari mai kitse ce, kuma kitse na ɓata takarda da tabo. Nemi wadda aka cire wa kitse, ka tace ta. In furotin mai fosfet kake nema, to bar madara, domin kasin, furotin ɗin da ke cikinta, shi ma yana ɗauke da fosfet. A nan dole ka sayi BSA.

Tambaya: Zan iya sake amfani da antibodi na farko?

Amsa: Ƙwarai, sau da dama ma. Ƙara masa sodiyam azaid kashi 0.02 cikin ɗari, ka ajiye a firij. Kada azaid ya kusanci antibodi na biyu mai HRP (sinadarin da ke sa ECL ya ba da haske), yana kashe aikinsa, don haka wanke takardar da TBST sau uku kafin ka zuba na biyun. Asalin kwalbar kuwa, raba ta kashi-kashi tun ranar da ta iso, saboda in ana yawan ɗauke wuta, narkewa da sake daskarewa na raunana antibodi.