Ambaliya ta ci unguwarmu, ta ina za mu nemi tallafi?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Ka ce ruwa ya rushe gidaje a unguwarku, kuna neman hanyar samun tallafi.

Ku fara da rubuta asarar tun kafin a kwashe ɓaraguzai: sunan kowane magidanci, yawan iyalinsa, lambar waya, NIN, abin da ya salwanta, da hotuna. Mai unguwa ya sa hannu, a kai ƙaramar hukuma, daga nan zuwa SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiharku, ita ke haɗa kai da NEMA ta tarayya. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa, don takarda kan ɓace a ofis.

Abinci da tabarmi daban, kuɗin gyaran rijiya ko makaranta daban. Masu ba da irin wannan kuɗi galibi ba sa bayarwa sai ga ƙungiya mai rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), da asusun banki da sunanta, da ƙiyasin kuɗin aiki dalla-dalla.

Kada a cusa sunayen da ruwa bai taɓa ba. In aka gano wajen tantancewa, jerin duka zai shiga zargi. Wanda ya nemi kuɗin fom ko lambar sirrin ATM, ɗan damfara ne.

Ginin da ya tsage kuwa, injiniya ya duba kafin kowa ya koma ciki.