Hukuncin ɓoyayyun kuɗaɗe a tikitin jirgin sama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara wa rayuwa albarka. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, nakan je sari Guangzhou ta ƙasar Sin sau biyu a shekara. A tafiyata ta ƙarshe na ga tikiti mai sauƙi a intanet, ina isa wurin biya sai kuɗin ya tashi: haraji, kuɗin mai, kuɗin zaɓen kujera, jaka ta biyu ma sai da na biya mata. Da na nemi a ɗaga mini ranar dawowa aka ci ni tara. Shin akwai garari a wannan ciniki? Na biyu, ejan ɗin da yake yanko mana tikiti yakan ɗora wani abu ya ce haraji ne, alhali na gano aljihunsa yake shiga. Na uku, abokaina sun ce wani lokaci tikitin gari mai nisa ya fi araha, sai mutum ya saya ya sauka inda aka yada zango ya kama gabansa. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, tikiti haya ce: ka hayi kujera a kai ka gari kaza a rana kaza. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa haya kamar ciniki take cikin abin da yake halatta da abin da yake haramta. Ke nan dole a san kuɗi, a san amfanin da za a samu, domin Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san haƙiƙanin kaya ko kuɗinsa ba, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Amma yaushe ake neman wannan sani? Lokacin ƙulla ciniki, ba lokacin talla ba. A intanet kuwa ciniki yana ƙulluwa ne sa'ad da ka danna biya. In jimlar ta bayyana a gabanka kafin ka danna, ka gani ka yarda, cinikin ya inganta, tafiyarka halal ce. Rarraba kuɗin gida-gida ba ya ɓata komai, kamar wanda ya ce maka buhu kaza ne, dako kaza, lodi kaza, ka haɗa ka biya.

Sai dai ingancin ciniki bai wanke mai sayarwa ba. Annabi (SAW) ya wuce ta wurin mai tsibin abinci, ya cusa hannunsa sai ya ji danshi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce masa me ya hana ka ɗora shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Farashin talla da aka san ba wanda zai tashi da shi, shi ne busasshen saman tsibin nan. Duba ƙasan takardar tikitinka, za ka ga jerin haruffa bibbiyu da kuɗi a gabansu. Wasu haraji ne na gaskiya, na gwamnati ko na filin jirgi, irin wanda Ingila take karɓa a kan fasinja tun 1994. Amma inda ka ga YQ ko YR, wannan na kamfanin ne, an dai zaunar da shi a sahun haraji. Ya yaɗu ne wajen 2004 da sunan kuɗin mai, da mai ya karye daga ƙarshen 2014 kamfanoni da yawa ba su cire shi ba, suna kawai aka sauya masa. Karɓarsa ba haram ba ne, ai ɓangare ne na farashi. Sa mutum ya ɗauka haraji ne, nan zunubin yake, kuma yana wuyan mai sayarwa, ba wuyanka ba. Shi ya sa Tarayyar Turai a 2008 da Amurka a 2012 suka tilasta a nuna cikakken farashi tun a talla. Wannan aikin hukuma ne, shari'a ma ta yarda da shi.

Bambancin farashi tsakanin mutum biyu da suke kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya ba komai, Allah ya ce kasuwanci da yardar juna ne (Nisa'i, aya ta 29). A 2022 da 2023, lokacin da kuɗin kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har suka rufe mana kujeru masu araha, waɗanda suka tsallaka Akara ko Kwatano suka tashi daga can ba su yi laifi ba.

Tarar ɗaga rana kuwa sharaɗi ne, Musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda ya zo a Abu Dawud. Haya a mazhabar Malik tana lizimta da zarar an ƙulla. In ka hayi mota zuwa Zariya gobe da hantsi, direba ya zo ya tsaya a ƙofar gidanka ka ce ka fasa, kuɗinsa ya wajaba. Tikiti mai araha da aka rubuta ba a mayar da kuɗinsa, saboda wannan ƙuncin ya yi araha. Na san mutane ba sa karanta waɗannan sharuɗɗa, ni ma ba kullum nake kai ƙarshensu ba, amma rashin karantawa ba uzuri ba ne in an ajiye maka su a gabanka. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a 2003, ta duba irin wannan yarjejeniya da ɓangare ɗaya yake rubutawa ɗayan ya karɓa ko ya bari, ta ce ta inganta matuƙar farashin na adalci ne kuma ba sharaɗin zalunci, in akwai zalunci hukuma ta sa baki. Abin da aka ɓoye maka har sai bayan ka biya bai hau kanka ba, kana da haƙƙin kai kuka ga hukumar kula da sufurin jiragen sama.

Maganar ejan ita ta fi damuna, don ita ce a hannunmu. Ladan dillanci halal ne, Bukhari ya kawo cewa Ibnu Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. In ejan ya riƙe kujeru ya ce na sayar maka kaza, ba dole ya gaya maka ribarsa ba. In kuwa ka ba shi kuɗi ka ce yanko mini, ya zama wakili, wakili kuma amintacce ne: abin da ya rage naka ne, nasa shi ne ladan da kuka yi. A duka fuska biyun, kiran ribarsa haraji ƙarya ce, abin da ya ci da ita haram ne, sai ya mayar. Na taɓa raka wani dattijo ofishin irin waɗannan, aka miƙo masa takarda an yanke ƙasanta, daidai inda jimla take. Da ya tambaya aka ce injin ne bai buga ba. Muka ce to a sake bugawa, mu ba ma sauri. Sai ga mai ofishin ya fito da kansa yana cewa an yi kuskuren lissafi. Ka riƙa neman cikakkiyar takarda, kuma ka ce masa ya faɗi ladansa a fili, ba abin kunya ba ne.

Sauka a zango yana da fuska biyu. Wanda ya biya amfani yana da ikon barin wani sashensa, kamar mai hayar ɗaki na wata da ya tashi ranar ashirin. Kamfanin jirgin Lufthansa na Jamus ya taɓa kai wani fasinja ƙara a kan haka, wata kotu a birnin Berlin ta kori ƙarar a ƙarshen 2018. Amma kamfanoni sukan sharɗanta a bi zangunan a jere, kai kuma ka danna ka yarda, Allah ya ce ku cika alkawura (Ma'ida, aya ta 1). Abin da nake rinjayarwa: in larura ta taso a hanya, ciwo ko rasuwa ko wani uzuri, sauka ba komai. Amma ka saya tun farko da ƙudurin saɓa sharaɗin da ka amsa, ban halatta maka ba, don algus ɗin da kake kuka da shi ne ka juya musu. Ga cutarwa kuma: jakarka za ta wuce garin ƙarshe, sauran tikitin har da na dawowa ana soke shi, ƙasar zangon ma ba lalle su bar ka ka fita ba biza ba. In ka riga ka yi, ka yi istigfari, ba sai ka biya komai ba sai in kamfanin ya nemi bambancin da sharaɗin ya ambata.

Wallahu a'alam.