Barin Jami'a Don Shiga NBA: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Tafka Asara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina bin wasannin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, kuma abin da ke ɗaure min kai shi ne yaro ya yi shekara ɗaya tak a jami'a, sai ka ji ya ajiye karatu wai zai shiga NBA, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon kwando. Ɗan ƙanena yana shekararsa ta farko a wata jami'a a can, da tallafin karatu na wasa ya tafi, kuma wasu sun fara zuga shi ya fita bana. Shin doka ta ba shi dama? In ya gwada bai dace ba, zai iya komawa makaranta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Doka ta ba shi dama, kuma zai iya gwadawa ya koma makaranta, amma da sharaɗin ya janye sunansa kafin wata rana da aka kayyade. Wannan ranar ita ce kan maganar duka, za mu zo kanta.

Dokar NBA da ke aiki tun zaɓen 'yan wasa na 2006, wato zaɓen da ƙungiyoyin gasar ke ɗaukar sababbin 'yan wasa kowace shekara, ta ce sai yaro ya cika shekara 19 a cikin shekarar da ake zaɓen, kuma in a Amurka ya yi sakandare, sai an yi kakar wasa ɗaya bayan ajinsu ya kammala. Shi ya sa kake ganin masu shekara ɗaya. Yawancinsu ba karatu ya kai su jami'a ba, jiran cikar wa'adi suke yi. A da can sai an yi shekara huɗu bayan sakandare, har Spencer Haywood ya kai ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayansa a 1971. Daga nan ƙofa ta buɗe. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya bar Jami'ar Houston a 1984 saura shekara ɗaya na wasansa, aka ɗauke shi na farko, a zaɓen da aka ɗauki Michael Jordan na uku. Kevin Garnett a 1995, Kobe Bryant a 1996 da LeBron James a 2003 ko ƙofar jami'a ba su taka ba. Yarjejeniyar 2005 tsakanin NBA da ƙungiyar 'yan wasa ce ta toshe wannan hanyar.

Dalilin gaggawar kuwa lissafi ne, kuma ga wasu lissafin daidai yake. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, zaɓen zagaye biyu ne, gurbi 60 ke nan a shekara, wani lokaci ma ƙasa da haka in an ƙwace wa wata ƙungiya gurbinta. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana samun kwantiragin da aka riga aka tsara farashinsa gwargwadon lambarsa. Shekara biyu tabbas ne, ko ya ji rauni ko bai yi ƙoƙari ba za a biya shi, ta uku da ta huɗu kuma ƙungiya ce ke da zaɓin ci gaba da shi. A 2024, na ɗaya ya fara da sama da dala miliyan 12 a shekara, na talatin kuma wajen dala miliyan 2 da rabi.

Amma babban kuɗin ba a wannan kwantiragin yake ba, a na biyu da na uku yake. Mafi girman albashin da ɗan wasa zai iya karɓa ya danganta da shekarun da ya yi a gasar: kashi 25 cikin 100 na ƙayyadadden kasafin albashin ƙungiya ga wanda bai wuce shekara shida ba, kashi 30 daga shekara bakwai zuwa tara, kashi 35 daga shekara goma. Wanda ya shiga yana 19 zai kai kwantiragi na biyu yana 23, ya cika shekara goma kafin ya kai 30, jikinsa da sauran ƙarfi. Wanda ya shiga yana 22 ya yi asarar shekara uku daga cikin 'yan shekarun da ƙafa ke ɗaukar mutum. Ga kuma halin masu farautar 'yan wasa: in yara biyu suka yi kunnen doki, ƙaramin suke ɗauka, don suna ganin bai gama nuna abin da ke cikinsa ba. Sai tsoron rauni. Nerlens Noel na Jami'ar Kentucky, wanda ake sa ran ɗauka na farko a 2013, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a watan Fabrairu, ya faɗo na shida. Shi ya ma yi sa'a da abin ya tsaya a nan.

Duk wannan maganar mutum talatin ce. Daga lamba 31 zuwa ƙasa babu tabbacin komai sai abin da wakilin yaro ya iya ciniki. Wasu na saman zagaye na biyu suna samun kwantiragi mai kyau. Da yawa kuma ana ba su kwantiragin gida biyu, wato yaro yana kai-kawo tsakanin ƙungiyar NBA da ƙaramar ƙungiyarta a gasar G League. Albashinsa rabin mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa ne, wajen dala dubu 580 a kakar da ta fara a 2024. Ba zai wuce wasa 50 a babbar ƙungiya ba, ba ya buga wasannin neman kofi, kuma ana iya sallamarsa a tsakiyar kaka. Kowace ƙungiya gurbi uku ne take da shi irin wannan. Wanda ba a ɗauka ba sam sai ya bi wasannin gwaji na bazara, in ya ƙare a G League zalla, albashin kakar da ta fara a 2024 dala dubu 40 da 'yan kai ne. Sauran su nufi Turai, Ostireliya ko Asiya. Kuma kowane adadi ka ji, ka cire haraji tukuna: na gwamnatin tarayya kan kai kashi 37 ga masu babban albashi, ga na jiha, ga ladan wakili da kan kai kashi 4. Fansho ma sai mutum ya cika shekara uku a NBA yake shiga lissafinta.

To, ga yadda ake gwadawa ba tare da an ƙona gada ba. Bayan kakar jami'a ta ƙare, yaro ya nemi kwamitin NBA mai tantance ɗalibai ya auna shi. Manyan jami'an ƙungiyoyi ne ke ba da ra'ayi, a rubuce a faɗa masa inda ake ganin zai faɗo: cikin 14 na farko, sauran zagayen farko, farkon zagaye na biyu, ƙarshensa, ko ba za a ɗauke shi ba. Wannan takardar ta fi maganar duk wani mai zuga, domin waɗanda za su yi zaɓen ne suka rubuta ta, kuma ba su da abin da za su ci a jikinsa. Sannan ya miƙa sunansa ga NBA a rubuce kwana 60 kafin zaɓen, wa'adin da kan faɗo a ƙarshen Afrilu tunda zaɓen ƙarshen Yuni ake yi. Tun gyaran dokar 2018, wanda ya biyo bayan binciken FBI kan cin hanci a wasan jami'o'i da rahoton kwamitin Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, yana iya ɗaukar wakili bai rasa damar wasansa ba, muddin wakilin yana da shaidar ƙungiyar 'yan wasan NBA da ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'i. Yarjejeniyar ta zama a rubuce, a sanar da makaranta, kuma ta ƙare in ya koma karatu. Abin da wakilin zai iya biya masa shi ne abinci, masauki da kuɗin tafiya da suka shafi harkar. Mota, bashi ko kuɗin aljihu a kan alkawarin albashin gobe, waɗannan su ne ke kashe yara.

A watan Mayu ake taron gwaji a Chicago, inda ake gayyatar 'yan wasa 70 da wani abu. Ana auna tsayi ba takalmi, faɗin hannuwa, tsalle da gudu, likitoci su duba gwiwa, baya da zuciya, ƙungiyoyi su zauna da yaro su yi masa tambayoyi. Rashin samun gayyata shi kansa amsa ce. Gurbi 60 ne, an kira fiye da 70, kai kuma ba ka ciki.

Yanzu ranar da na ambata. Ranakun janyewa biyu ne, kuma a nan ake yin kuskure. NBA ta yarda mutum ya janye har kwana goma kafin zaɓen. NCAA kuwa tata ranar kwana goma ce bayan kammala taron Chicago, wato wajen ƙarshen Mayu. Mai son komawa wasan jami'a ranar NCAA ce tasa, kuma sai ya rubuta wa daraktan wasannin makarantarsa cewa ya dawo. In ya bari ta wuce, ya zauna cikin zaɓen, aka ƙare ba a kira sunansa ba, ya rasa duka biyu: babu NBA, babu rigar jami'a, tallafin karatun da ke rataye da wasan ma ya tafi. Ranakun suna ɗan motsawa kowace shekara, don haka a karɓe su daga ofishin da ke kula da bin dokokin NCAA a makarantar, kowace jami'a tana da shi. A kuma sani cewa NBA sau biyu kawai take bari a janye, a karo na uku babu fita.

Wani abin da ake mantawa shi ne aji. Yaro yana jin zai tafi sai ya daina shiga darasi tun watan Maris. In lissafi ya juya ya so dawowa, sai a tarar bai ci darussan da ake bukata ba, ya zama bai cancanci wasa ba ko da ya janye a kan lokaci. Ya gama zangon karatunsa da kyau, ko da yana da yaƙinin tafiya.

Kafin 2021 da na ce maka zaman jami'a wasa ne na kyauta, amma yanzu magana ta canza. Tun 1 ga Yulin 2021 ɗalibi yana iya karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa, talla ko makamancinta. A Yunin 2025 kuma kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko ga kowace makaranta, a raba tsakanin wasanninta. Gwani a babbar jami'a yana iya samun abin da ya fi kwantiragin gida biyu. Alamar ta fito a lissafi: masu miƙa suna kafin lokacinsu sun kai 353 a 2021, kodayake ƙarin shekarar da aka bai wa ɗalibai saboda korona ta kumbura adadin, a 2025 kuwa 106 ne. Ƙungiyar G League Ignite, da NBA ta kafa a 2020 don biyan yaran da ba sa son jami'a, an rufe ta a 2024 saboda 'yan wasan jami'a sun fara samun kuɗi.

Sai dai ɗan ƙanenka, in da bizar ɗalibi ya shiga, wadda ake kira F-1, yana da tarnaƙi. Bizar ta taƙaita aikin da zai yi don kuɗi a cikin Amurka, kuma talla aiki ne. Zach Edey ɗan Kanada ne, ya fuskanci wannan a Jami'ar Purdue yana gwarzon 'yan wasan jami'o'in ƙasar baki ɗaya. Kada yaron ya sa hannu a kowace takardar kuɗi sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantar da lauyan shige da fice sun duba ta, don karya sharaɗin biza ya fi rasa kaka ɗaya muni. Duk da haka labarin Edey ɗin ya dace da tambayarka: ya miƙa suna a 2023, ya ji ra'ayin ƙungiyoyi, ya janye, ya kai Purdue wasan ƙarshe a 2024, ƙungiyar Memphis ta ɗauke shi na tara. Pascal Siakam na Kamaru kaka biyu ya buga a New Mexico State kafin a ɗauke shi na 27 a 2016. Joel Embiid da Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, shekara ɗaya suka yi, amma su sun fita ne ana lissafa su a zagayen farko.

A ganina, in takardar kwamitin ta sa shi cikin zagayen farko, kuma ƙungiyoyi sun nuna haka a Chicago, ya tafi, ba wanda zai ce ya yi wauta. In ta ce ƙarshen zagaye na biyu ko babu, ya janye ya koma, ya riƙe abin da aka ce ya gyara, harbi daga nesa ne ko tsaron gida ko nauyin jiki, ya yi aiki a kansa shekara guda. Tsakiyar ce mai wuya, lamba 31 zuwa 45. Nan sai a tambayi wakili ƙarara: wace ƙungiya ce ta yi alkawari, kwantiragin shekara nawa, nawa ne tabbas a ciki? In amsar yawo take yi, babu alkawarin.

Game da digiri, barin jami'a ba ya rufe ƙofarsa. Jordan ya koma ya kammala a 1986, Shaquille O'Neal a 2000, Stephen Curry a 2022, shekara 13 bayan barinsa kwalejin Davidson. Amma waɗannan masu kuɗin biya ne. Ga wanda harkar ba ta karɓe shi ba, dokar NCAA ta wajabta wa manyan jami'o'i su biya wa tsohon ɗan wasansu kuɗin makaranta da littattafai in ya dawo kafin shekara goma, da sharaɗin ya yi aƙalla shekara biyu a makarantar kafin ya fita. Ɗan ƙanenka shekara ɗaya ya yi. In ya fita bana wannan kariyar ba ta hau kansa ba, sai dai in makarantar ce ta ga dama, don haka a nemi matsayinta a rubuce kafin ƙarshen Afrilu.