Tambayi Likita: zubewar gashi, haihuwar 'ya'ya mata da kyautar jini

Tambaya: Likita, mahaifiyata ce ake wa kemo saboda kansar mama, sati uku kenan gashinta sai zubewa yake har gira. Ciwon ne ya yi tsanani?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. A'a 'yar uwa, aikin maganin ne. Jikinmu kaf ƙananan ƙwayoyin halitta ne da sai da madubin likita ake ganinsu, kowacce da 'yar fatar da ta lulluɓe ta, a tsakiyarta kuma (ban da irin jajayen ƙwayoyin jini) akwai cibiya inda kundin gado yake wato DNA, in za ta hayayyafa sai ta kwafe kundin nan tsaf sannan ta rabe biyu. Kansa ƙwaya ce da birkinta ya tsinke, ta yi ta rabuwa ba ji ba gani. To shi kemo ba ya tantancewa, duk ƙwayar da ya tarar tana saurin rabuwa duka yake kai mata, ga shi na saiwar gashi da cikin baki da hanji da ɓargo duk masu sauri ne, shi ya sa za ki ga har gyambon baki da gudawa. Yawanci gashin na tsirowa bayan an gama, don Allah kar ta fasa zuwa saboda wannan.

Tambaya: Haihuwata huɗu duk mata, maigida ya ce daga wajena ne.

Amsa: Hajiya, wannan magana tana ba ni haushi gaskiya. Ƙwayar jikin mutum tana da kuromosom 46, wato ƙunshe-ƙunshen kundin gado, amma wajen yin ƙwan mace da maniyyi ana raba su ne gida biyu, kowa ya kawo 23. A cikin 23 ɗin nan akwai ɗaya mai tantance jinsi, ko X ko Y. Ƙwanki kullum X yake ɗauke da shi, maniyyinsa ne wani X wani Y, in mai Y ya riga shiga a samu namiji, in mai X ne mace. Kenan daga ɓangarensa abin ke fitowa, shi ɗin ma ba shi ke zaɓa ba, ki nuna masa wannan amsar cikin lalama.

Tambaya: Na ba da jini leda ɗaya, zai dawo kuwa?

Amsa: Sosai ma malam. Ruwan jinin kwana ɗaya zuwa biyu ya cike, jajayen ƙwayoyin kuma sati huɗu zuwa shida. Da ma kwana 120 kawai suke yi su mutu, ba su da cibiya balle su rabu da kansu, ɓargo ne ke ƙera sababbi wajen miliyan 2 duk sakan ɗaya. In jiri ya ƙi tafiya bayan 'yan kwanaki ka je a duba maka jini.