Tambaya da Amsa: Yadda Bashi Ya Durƙusar da Kamfanin 777 Partners Mai Ƙungiyoyin Ƙwallo

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan karon a kan abu guda suke: kamfanin zuba jari na Amurka, 777 Partners, wanda ya tara ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a ƙasashe daban-daban sannan ya kasa riƙe su. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaya za a yi kamfanin da ke da hannu a ƙungiyoyi har bakwai a wayi gari a ce ba shi da kuɗi? Ina dukiyar ta tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ai tun farko yawancin dukiyar ba tasa ba ce, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Josh Wander da Steven Pasko ne suka kafa kamfanin a Miami a 2015. Asalin sana'arsu ba ta da alaƙa da wasanni. A Amurka idan an yanke wa mutum diyya, sau da yawa kashi-kashi ake biyansa tsawon shekaru. Su kuma sai su ba shi kuɗi a dunƙule, ƙasa da jimillar abin da zai samu, su gaje haƙƙin karɓar sauran. Wannan haƙƙin shi suke kai wa masu ba da bashi a matsayin jingina.

Daga nan suka faɗa ƙwallo. Sun fara da ɗan hannun jari a Sevilla a 2018, suka sayi Genoa ta Italiya a 2021. A 2022 kaɗai suka karɓi Standard Liège ta Beljiyam da Red Star ta Faransa da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin ƙwallon Vasco da Gama a Brazil, suka kuma sayi wani kaso a Melbourne Victory ta Ostireliya. A Maris 2023 suka karɓi hannun jarin Lars Windhorst a Hertha Berlin. Ga kuma ƙungiyar kwando ta London Lions, ga kamfanonin jiragen sama biyu, Flair a Kanada da Bonza a Ostireliya. Duba jerin nan da kyau: kusan babu guda a ciki da ke kawo riba. Duk masu neman a ciyar da su ne.

To da me ake ciyar da su? Babban mai ba su bashi shi ne A-CAP, rukunin kamfanonin inshora a ƙarƙashin Kenneth King. A lokacin suna kuma da nasu kamfanin a tsibirin Bermuda, 777 Re, wanda aikinsa ɗaukar nauyin alkawuran da wasu kamfanonin inshora suka yi wa abokan hulɗarsu. Kuɗin da ke shiga irin wannan kamfani na mutanen da suka yi tanadi ne domin a riƙa biyansu bayan sun yi ritaya. Ƙa'ida ita ce a ajiye shi inda za a iya mayar da shi tsaba da wuri. Sai ga wani kaso mai tsoka na kuɗin ya koma cikin harkokin 777 ɗin kansa. Hukumar AM Best, mai auna ƙarfin kamfanonin inshora, ta sauko da darajar 777 Re daga A- zuwa B a Nuwamba 2023, sannan zuwa C- a Fabrairu 2024. Hukumomin inshora na jihohin Utah da South Carolina su ma suka matsa wa kamfanonin A-CAP su rage kuɗin da suka danƙa wa 777. A nan famfon ya ƙafe.

Akwai kuma kuɗin ruwa. A farkon 2022 ma'aunin kuɗin ruwa na babban bankin Amurka kusan sifili yake, zuwa Yuli 2023 ya haura kashi 5. Ɗauki misali kawai: wanda ya ci bashin dala miliyan 100 a kan kashi 6 yana biyan miliyan 6 a shekara, idan lokacin sabunta bashin ya zo aka ce sai kashi 12, ya koma miliyan 12, alhali ƙungiyar da ya saya da kuɗin ko sisi ba ta dawo masa da shi ba. Bashin na gajeren zango ne, ita kuwa ƙungiyar ƙwallo ba a sayar da ita cikin mako guda. Wanda ya samu kansa a haka sai ya fara cin sabon bashi yana biyan tsoho, kuma ranar da aka hana shi sabo, ranar komai ke tsayawa.

Ranar ta zo a 2024. A 30 ga Afrilu Bonza ya daina tashi. Kwanaki kaɗan bayan haka kamfanin Leadenhall Capital Partners na Landan ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke New York, yana zargin cewa kadarorin sama da dala miliyan 350 da aka ba shi jingina, wasu babu su, wasu ba na 777 ba ne, wasu kuma an riga an jinginar da su ga wani. A cikin watan Mayun nan Wander da Pasko suka sauka daga shugabancin kamfanin, aka kira ƙwararru daga kamfanin harkokin kuɗi na B. Riley su riƙe ragamar.

Tambaya: Ni magoyin bayan Everton ne. An ce 777 sun zuba mana kusan fam miliyan 200. To me ya sa hukumar Firimiya ta ƙi ba su ƙungiyar, tunda ga kuɗi a ƙasa?

Amsa: Ɗan'uwa, gyara kalmar: ba zubawa suka yi ba, rantawa suka yi. Bambancin nan shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. Kuɗin da ya shiga ƙungiya a matsayin hannun jari ya zama nata, mai shi ba ya iya cewa a dawo masa da shi, sai dai ya sayar da kasonsa. Wanda ya shiga a matsayin rance kuwa yana nan a wuyan ƙungiyar, kuma idan mai rancen ya faɗi, masu binsa bashi su ne za su zo karɓa.

A Satumba 2023 aka sanar da yarjejeniyar cewa 777 za su sayi kashi 94.1 na Everton daga hannun mai ita a lokacin, Farhad Moshiri. Kafin ciniki irin wannan ya tabbata, sai hukumar Firimiya ta tantance mai saye: a ga tarihinsa, a ga inda kuɗinsa ya fito, a kuma ga ko zai iya ɗaukar nauyin ƙungiyar nan gaba. Yayin da ake jiran wannan, 777 suka riƙa ranta wa Everton kuɗin gudanarwa da na ginin sabon filin wasa a Bramley-Moore Dock. Hukumar ba ta fito ta ce a'a ba. Sharuɗɗa ta gindaya: a mayar da rancen ya zama hannun jari, a biya bashin fam miliyan 158 da kamfanin zuba jari na MSP Sports Capital ke bi, a ajiye kuɗin gudanarwa a asusun amana, a kuma nuna kuɗin ƙarasa filin wasa. A ganinmu hikimar kenan, domin kowane sharaɗi tsabar kuɗi yake nema, abin da kuma ba su da shi kenan. Wa'adin ya cika a ƙarshen Mayu 2024 ba su cika ba. A Disamba 2024 Friedkin Group, masu AS Roma, suka sayi ƙungiyar.

Kada a haɗa wannan da makin da aka zabtare wa Everton. Maki 10 na Nuwamba 2023, da aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, da ƙarin 2 na Afrilu 2024, hukunci ne na wuce iyakar asarar fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma a zamanin Moshiri aka yi asarar.

Tambaya: Idan mai ƙungiya ya karye, ita ma ƙungiyar ta mutu kenan?

Amsa: Ba dole ba. A wajen doka ƙungiya kamfani ce mai zaman kanta, da asusunta daban da bashinta daban. Matsalar ita ce yawancinsu suna kashe fiye da abin da suke samu, mai su ne ke cike giɓin. Idan ya daina, abin da ake fara gani shi ne jinkirin albashi, da na haraji, da na kason kuɗin sayen 'yan wasa da ake biya kashi-kashi. Daga nan sai a hana ƙungiya rajistar sababbin 'yan wasa, kamar yadda ya sha faruwa da Standard Liège. A Mayu 2024 ma sai da magoya bayanta suka tare motar 'yan wasa, wasansu da Westerlo bai yiwu ba a ranar.

Mafita takan zo ta ɗaya daga hanyoyi kaɗan. Idan an jinginar da hannun jarin ƙungiyar, mai bin bashi ya karɓe ta kawai. Haka kamfanin zuba jari na Elliott ya karɓi AC Milan daga hannun Li Yonghong a 2018, haka kuma kamfanin Oaktree ya karɓi Inter a Mayu 2024 da mai ita, kamfanin Suning, ya kasa biyan kimanin yuro miliyan 395, wata guda bayan ƙungiyar ta ci kofin gasar lig ta Italiya, wato Serie A. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ga magoya baya, domin 'yan wasa ba sa ma jin girgizar.

Wata hanyar ita ce ƙarin jari. A fitar da sababbin hannayen jari, tsohon mai shi ba shi da kuɗin saye, wani ya saye. Idan da akwai hannu 100 duk naka, aka ƙara 300 wani ya kwashe, ka koma mai kashi 25 ba tare da ka sayar da komai ba. Ta haka attajirin Romaniya Dan Șucu ya samu kimanin kashi 77 na Genoa a Disamba 2024. A Vasco kuwa kotu ce a Rio de Janeiro ta dakatar da ikon 777 a Mayu 2024, ta mayar da ragama hannun uwar ƙungiya a ƙarƙashin shugabanta Pedrinho.

Mafi muni ita ce a naɗa wa ƙungiya kantoma saboda ta kasa biyan bashi. A Firimiya hukuncin maki 9 ne, kamar Portsmouth a 2010. A rukunan da ke ƙasa maki 12, kamar Wigan a 2020 da Derby County a 2021. A dokar ƙwallon Ingila sai an biya 'yan wasa da sauran ƙungiyoyi cikakken haƙƙinsu, ƙananan 'yan kasuwa masu kawo kaya kuwa su tashi da ɗan abin da ya saura. Ƙwallon kwandon Birtaniya ya fi kowa jin jiki: a lokacin 777 na da kashi 45 na gasar kanta, kuma a Yuni 2024 aka janye lasisin kamfanin da ke gudanar da ita, sai da ƙungiyoyin suka kafa sabuwa.

Tambaya: Malam, ɗana yana buga ƙwallo a ƙasar waje. Idan irin wannan ta same su aka daina biyansa, me zai yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya tsare. Dokar FIFA ta cinikin 'yan wasa, sashe na 14bis, ta ba shi hanya. Idan albashin wata biyu ya wuce lokacinsa ba a biya ba, ya rubuta wa ƙungiyar takardar gargaɗi, ya faɗi adadin kuɗin da watannin, ya ba ta wa'adin aƙalla kwana 15, ya kuma ajiye shaidar cewa takardar ta isa. Idan wa'adin ya cika ba a biya duka ba, yana da ikon soke kwantiraginsa ya nemi bashinsa da diyya. Da yake baƙo ne a ƙasar, ƙararsa takan tafi kotun FIFA, sai dai in kwantiragin ya ambaci wata kotun sulhu ta ƙasar da aka amince da ita, kuma kada ya bari shekara biyu ta wuce. Idan aka yanke hukunci ƙungiya ta ƙi biya cikin kwana 45, ana hana ta rajistar 'yan wasa har zuwa zango uku na kasuwar musaya.

Inda 'yan wasa ke yin asara wuri uku ne: su yi fushi su daina zuwa atisaye kafin wa'adi, sai laifin ya dawo kansu, su tsaya ga ƙorafin baki, ko su sa hannu a takardar da ke cewa an biya su a kan alkawarin za a biya gobe. Ya tuntuɓi ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasar kafin ya sa hannu a komai.

Tambaya: An kama wani kuwa?

Amsa: A Oktoba 2025 masu gabatar da ƙara na tarayya a Manhattan suka tuhumi Josh Wander da damfarar masu ba da bashi da masu zuba jari kimanin dala miliyan 500. Tsohon shugaban sashen kuɗi na kamfanin, Damien Alfalla, ya amsa laifinsa. Tuhuma dai tuhuma ce, kotu ke da hukunci.

Tambaya: Ta yaya magoyin baya zai gane mai ƙungiyarsa yana tangal-tangal kafin abin ya fashe?

Amsa: Yawan ƙungiyoyi ba shi ne alamar ba. City Football Group da Red Bull su ma suna da su birjik, amma kuɗinsu daga aljihu mai zurfi yake fitowa. Abin dubawa shi ne rahoton kuɗi na shekara, kuma na ƙungiyoyin Ingila kyauta ake samunsa a shafin Companies House, hukumar rajistar kamfanoni ta Birtaniya. Ka fara da raba jimillar albashi da jimillar kuɗin shiga. UEFA ta sa iyakar kashi 70 ga abin da ake kashewa kan albashin 'yan wasa da koci da kuɗin saye da na dillalai, don haka ƙungiyar da albashinta kaɗai ya kai kashi 90 a kan taimakon mai ita take rayuwa. Sai ka nemi layin bashin da za a biya cikin shekara guda ka gwada shi da tsabar da ke asusu. Ka duba rancen da ya fito daga mai ƙungiya ko kamfanoninsa, da kuɗin ruwan da ke kansa. A wannan shafin dai akwai jerin kadarorin da aka jinginar: idan ka ga filin wasa ko kuɗin talabijin na kaka mai zuwa a ciki, an ci na gobe tun yau. Daga ƙarshe ka karanta bayanin masu binciken kuɗi. Idan sun rubuta cewa akwai babbar shakka kan ko ƙungiyar za ta iya ci gaba ba tare da tallafin mai ita ba, sai ka koma ka nemi rahoton shi mai ita, ka ga ko ma ya fitar da shi a kan lokaci.