Tambaya da Amsa: Wane littafi zan ba abokina mai ra'ayin gurguzu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da aboki ɗan gurguzu ne na gaske, kullum maganarsa ita ce gwamnati ta karɓe manyan masana'antu ta ƙayyade farashi dan talaka ya huta. Ni kuma ina ganin a sakar wa kasuwa mara shi ya fi, irin ra'ayin 'yan libatariyan. Ya yarda zai karanta littafi ɗaya in na kawo masa. Dan Allah wanne zan ba shi? Wani ya ce in ba shi Human Action.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dan Allah kar ka fara da Human Action. Littafin Ludwig von Mises ne na 1949, shafi wajen 900, kuma farkonsa falsafa ce zalla, abokinka ba zai wuce babi biyu ba zai ajiye, kai kuma ka yi asarar damarka guda ɗaya.

Ni da ni ne, Economics in One Lesson na Henry Hazlitt zan ba shi, wanda ya fito 1946. Ɗan ƙarami ne, ba lissafi ba zane-zane, Hazlitt ɗan jarida ne a Amurka shi ya sa rubutun ke tafiya sumul. Amma babban dalilina ba ƙanƙantarsa ba ne. Abokinka fa ba ƙin arziki yake ba, talaka ne ya dame shi, to littafin da zai shige shi sai wanda ya yarda da wannan damuwar sannan ya tambaya: wannan dokar da aka yi dan talaka, a ƙarshe wa ta taimaka wa ta cuta? Abin da Hazlitt ya yi kenan tun daga farko har ƙarshe.

Akwai misalin da ya ɗauko daga Bafaranshen nan Frédéric Bastiat, wanda ya rubuta shi a 1850. Yaro ya jefa bulo ya fasa gilashin shagon mai burodi, mutane suka taru suna cewa ai ba komai, mai gyaran gilashi ya samu aiki, kuɗi zai zagaya. Abin da ba su gani ba shi ne mai burodin da kuɗin nan kaya ya yi niyyar ɗinkawa, yanzu tela ya rasa ciniki, kuma telan ba ya cikin taron balle a tuna da shi. Da wannan idon Hazlitt ke bin ƙayyade farashi da kuɗin haya da harajin shigo da kaya, kowane babi yana nemo maka wanda ya yi asara ba a gan shi ba. Mutum mai tausayin talaka irin abokinka dole wannan ya tsaya masa a rai ko bai yarda ba.

In ya gama ya nemi ƙari, sai Basic Economics na Thomas Sowell, bugun farko 2000. Ya fi kauri sosai amma cike yake da misalai na zahiri, sannan ka faɗa masa Sowell ɗin shi ma ɗan Markisanci ne, wato mai bin aƙidar gurguzu ta Karl Marx, a ƙuruciyarsa, sai da ya yi aiki a ma'aikatar ƙwadago ta Amurka a 1960 yana nazarin mafi ƙarancin albashi a Puerto Rico ya fara sauya ra'ayi. Wannan kaɗai zai sa ya saurara.

The Road to Serfdom na Friedrich Hayek, 1944, ka bar shi sai gaba. Duk da Hayek ya sadaukar da shi ga 'yan gurguzu na kowace jam'iyya, saƙonsa shi ne tsara tattalin arziki daga sama na kai wa ga mulkin kama-karya, kaga in ka miƙa masa wannan tun farko zai ji kamar zarginsa kake.

Sai dai ka shirya fa, babin Hazlitt kan mafi ƙarancin albashi, inda ya ce dokar na rage ayyukan yi, zai sha suka. A binciken da suka wallafa a 1994, masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger sun duba gidajen abinci a jihar New Jersey ta Amurka bayan an ƙara mafi ƙarancin albashi, suka kwatanta da maƙwabciyarta Pennsylvania, ba su ga aiki ya ragu ba, kuma Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Har yau masana na jayayya a kai. In ya kawo maka wannan kar ka musa, ka ce e akwai magana a nan.

Kuma ina roƙonka ka ce shi ma ya zaɓo maka littafi ɗaya daga ɓangarensu, ka karanta da gaske, ku riƙa zama kuna tattauna babi-babi. In ya ga ka ɗauki nasa da muhimmanci, shi ma zai karanta naka har ƙarshe.